Sawu a Gindin Munazzim

Warin ƙuna ne ya tari Abdulmuminu tun daga bakin titi, kafin ma ya hango katangar matsar man riɗin Haj Elfadil. Ya san warin gobarar ciyawa, ya san na rumbun dawa, amma wannan daban yake, in ya kama maƙogwaro ba ya saki. A ƙofar matsar mutane sun yi cirko-cirko, ba mai ɗaga murya. Shi kuwa a saninsa, shirun taro a Gadarif ya fi hayaniyarsa haɗari.

Abdulmuminu gassas ne, wato mai bin sawu. Daga Showak har Fau, in aka kore wa mutum shanu ko aka fasa masa rumbu, shi ake aika wa. Tsufa ya ci idonsa har ba ya iya karanta rubutun waya, amma ƙasa ba ta taɓa iya ɓoye masa magana ba. Harkar lantarki dai ba tasa ba ce, kuma da wani ne ya zo da ya ce masa ya nemi 'yan sanda. Sai dai wanda ya buga masa ƙofa bayan sallar asuba Abdulhamidu ne, mai gadin matsar, abokinsa tun suna samari suna yankan dawa a Gadambaliya.

"An ƙona mini ɗa, Mumini," in ji shi, muryarsa a bushe. "Ka nemo mini wanda ya yi." Daga nan ya juya ya koma asibiti, yana jan ƙafarsa ta hagu wadda gwiwarta ta daina lanƙwasuwa tun ranar da ya faɗo daga tarakta.

Abin da ya faru kuwa, jiya da la'asar munazzim ya fashe. Munazzim wani ƙaton akwatin ƙarfe ne mai tsayin mutum, cike da mai, a ɗakinsa shi kaɗai a bayan matsar. Aikinsa ya karɓi wutar gari, wadda ke hawa tana sauka kamar zazzaɓi, ya daidaita ta kafin ta shiga injinan matsa. Omer, ɗan Abdulhamidu, shi ke tuƙa injinan. Ya ji ƙara, ya ruga don ya kashe, yana shiga sai murfin tankin ya tashi, tafasasshen mai ya wanke shi daga fuska zuwa ciki.

Kafin a gama kashe gobarar, unguwa ta riga ta sami mai laifi. Mohanad ne, makanikin lantarkin da yaƙi ya koro daga Madani ta yankin Jazira, wanda yake zaune da iyalinsa a ajin wata makaranta. Shi kaɗai ke taɓa munazzim. A 'yan shekarun nan kuwa, in aka ce baƙo daga Jazira ya lalata abu da gangan, ba kotu ake zuwa ba. Wani mai saurin hannu ya riga ya buga wa masu bindigar shingen hanya waya, kuma wanda suka ɗauka a motarsu ba a cika sanin ranar dawowarsa ba. Dattawa suka roƙi arziki a jira gassas ya duba ƙasa, aka ba su zuwa bayan la'asar.

*

Haj Elfadil ya karɓe shi a ofis, yana ta share gumi duk da fanka na juyawa a kansa da wutar janareta.

"Ba sai ka wahala ba, ya Haj Abdulmuminu. Maganar a fili take. Shekaranjiya mun yi faɗa da shi a gaban kowa, jiya abu ya tashi."

"Faɗan me?"

"Wai in tsayar da aiki zai buɗe tanki. A tsakiyar kakar riɗi! Motoci na layi a ƙofa, shi yana so in zauna ina kallonsa yana leƙen ƙarfe."

"Ka tsayar?"

"In tsayar in ci me?"

Abdulmuminu ya ƙura masa ido. Ya lura dai tun shigowarsa Haj ɗin bai tambayi jikin Omer ba, kuma duk lokacin da aka ambaci munazzim sai ya kalli ƙofa.

A waje Asha mai shayi ta tare shi da labari zafi-zafi, don ita ba ta taɓa rasa wanda ta gani ba. Ta ce akwai wani dogon baƙo da ke zagaya bayan katanga da buhu, da idonta ta gan shi. Ya bi ya duba, ya kuwa sami sawun takalmin taya a baƙar lakar nan ta Gadarif. Amma sawun ya bushe ya tsattsage tun kafin yayyafin ƙarshe, kuma ko sau ɗaya bai kusanci katangar ba, daga juji ya fito ya nufi wani jujin. Mai tsintar gwangwani ne yake neman abincinsa. Ya dawo ya sha shayinta ya ce mata Allah ya ƙara wa idonta lafiya.

*

An kulle Mohanad a ɗakin buhuna, hannuwansa ɗaure ta baya, leɓensa a fashe. Bai kai yadda ake faɗa ba, siriri ne mai furfura tun kafin lokacinta. Da Larabci suka yi magana.

"Ammi, yaya Omer?" Abin da ya fara tambaya ke nan, yana kiransa baffa da harshensu.

"Yana numfashi. Ka gaya mini yadda abin nan yake aiki, kamar kana gaya wa jaki."

Mohanad ya yi ƙoƙarin murmushi, leɓen ya hana shi. Ya ce a cikin tankin akwai naɗin wayar tagulla guda uku, kowanne da ɗan gawayi mai yawo a kansa. In wuta ta yi ƙasa, wani ƙaramin inji ya tura gawayin gaba, in ta yi sama ya ja shi baya. Dukkansu a nutse suke cikin mai. Man ne ke sanyaya su, shi ne kuma ke hana wuta tsallakawa daga waya zuwa waya.

"To me ya same shi?"

"Shi ne abin da ya hana ni barci tun farkon kaka. Kukansa ya canja, ya daina gunji ya koma tsartsatsi kamar ana suya. Na duba fiyus, lafiya. Na ɗaure duk bakin waya. Na gwada wutar da ke shiga da wadda ke fita, na canja katin da ke ba injin umarni, duk a banza. A samansa akwai wata kwalba mai 'yan duwatsu shuɗɗa masu shan danshi, in ruwa ya yi yawa sai su koma ja. Na zuba sababbi, kafin in juya sun koma ja. Na ce ruwa na shiga man nan, amma ta ina? Ba ya yoyo. Gilashin awon mai kullum a cike yake, ko ɗan yatsa bai taɓa raguwa ba."

"Ba shi da abin da zai kashe kansa in ya ji zafi?"

Mohanad ya sunkuyar da kai. "Yana da shi. Ya yi ta yankewa, aiki na tsayawa. Haj ya sa aka ɗaure madannin da waya. Na ce ba da hannuna ba. Shi ne faɗan da aka ji."

Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Ammi, na bar gidana da kaburburan iyayena na zo nan da 'ya'ya mata biyu. In motar nan ta ɗauke ni, ba su da kowa a garin nan. Wallahi ban yi ba, kuma wallahi ban san abin da ya jawo hakan ba."

Abdulmuminu ya sha jin rantsuwar ɓarayi, har ya san yadda take gudu a baki. Wannan ba irinta ba ce. Amma ya san taron da ke waje ba zai saki mutum don gassas ya ji tausayinsa ba.

*

Ɗakin munazzim ya yi baƙi ƙirin. Gaban tankin duk an tattake shi da ƙafafun masu kashe wuta, yashi da ruwa da mai sun cakuɗe, ko giwa ce ta wuce ba za a gane ba. Ya ga madannin da aka ɗaure da waya, ya gyaɗa kai. Wannan ya hana na'urar ceton kanta, amma ba shi ya sa mata ciwon ba.

Ya matse jikinsa ya shiga lungun da ke tsakanin tankin da bango, inda wuta ba ta kai ba kuma ba wanda ya taka. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙura kafin ya ga abin da ke motsi. Kiyashi ne, layi guda, sun fito daga tsagar bango, sun ratsa siminti, sun hau bayan tankin har bakin murfin da ake zuba mai. Hanyar tasu ba ta yau ba ce, sun share ta fes, ƙura ta taru gefe da gefe.

Ya koma ɗakin buhuna ya leƙa ta taga. "Kiyashi na shan man na'urarka?"

"Ina! Ɗan'uwan fetur ne, ko kusa da shi ba sa zuwa."

Ya dawo lungun, ya dangwali maiƙon da ya zubo a gefen murfin ya kai harshe. Ba ɗan Gadarif ɗin da zai kasa gane wannan ɗanɗanon. Man riɗi ne.

Sai a lokacin ya duba ƙasan tankin, inda ɗan famfon tsiyaye mai yake. A ƙurar gabansa akwai zoben gindin kwalba, ba ɗaya ba, wani kan wani, na ranaku daban-daban. A gefen zobban kuma ga alamar wanda ya durƙusa. Gwiwar dama ta dafa ƙasa, ƙafar hagu kuwa an miƙe ta gefe sambal, dunduniya ta ja layi a ƙura.

Tun safe yake ganin sawun nan a ko'ina cikin matsar yana tsallake shi, don ba a tuhumar sawun mai gadi a wurin gadinsa. Amma gadi ba ya kai mutum durƙuso a bayan tanki. Abdulmuminu ya sake duban layin dunduniyar. Ya zauna a ƙasa cikin toka, ya yi ta neman wani mutum a Gadarif mai irin wannan ƙafar, bai samu ba.

*

Da azahar ya shiga gidan Abdulhamidu da sallama. Hajja Atine, mahaifiyar Omer, na kwance a kan gadon igiya a inuwar rumfa, inda take tun da ɓarin jikinta ya mutu bara. Maƙwabta sun ɓoye mata girman ƙunar, sun ce hannu ne kawai.

"Baban Huseina, kai ne? An ce kai ke bin sawun azzalumin nan. Allah ya tona masa asiri. Yaron da ko kaza bai taɓa zagi ba."

"Amin, Hajja. Ya jikin?"

"Alhamdu lillahi, ai sauƙi na zuwa. Duba ka gani." Ta yaye zane daga ƙaurinta da hannun mai lafiya. Fatar na sheƙi, kuma wani wari mai kama da na kananzir ya taso. "Man wuta ne. Wata mata a asibiti ta ce mana man da lantarki ya daɗe yana ratsawa yana tayar da jijiyar da ta mutu. Maigidana ke kawo mini, shi ke shafa mini da kansa safe da yamma. Shekaranjiya na ji babban yatsan nan ya motsa, wallahi na ji."

Ƙarƙashin gadon ga kwalbar nan, rabinta mai ne fari tas kamar ruwa. Abdulmuminu ya kalli yatsan. Bai motsa ba. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ce ya tsaya a dama masa wani abu, ya ce sauri yake yi.

A hanya ya tsaya a gindin wata bishiyar dogon yaro. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne Abdulhamidu bai sani ba. Mai laifin da ya san kansa ba ya buga ƙofar gassas da asuba. Ya so ya je asibiti ya same shi su biyu, amma ladan ya riga ya fara gyaran murya, kuma motar masu bindiga ta wuce shi ta nufi matsar.

*

An shimfiɗa tabarmi a filin matsar. Dattawa a gaba, Haj Elfadil a kan kujera, Asha ta baro shayinta ta tsaya a bayan mata. Aka fito da Mohanad aka zaunar da shi a rana. Motar ta tsaya a bakin ƙofa, ba a kashe injinta ba. Abdulhamidu ne ya zo ƙarshe, kai tsaye daga asibiti, rigarsa da tabon magani. Ya zauna kusa da abokinsa, ya miƙe ƙafar hagu gefe.

"Me ƙasa ta ce?" in ji babban dattijon unguwa.

"Ta ce ba wanda ya haura katanga," in ji Abdulmuminu. "Ta ce an ɗaure madannin da ke kashe na'urar in ta yi zafi, kuma Haj ya san wanda ya ba da umarnin." Haj Elfadil ya buɗe baki, ya ga idanun da ke kansa, ya rufe. "Ta kuma ce ba wannan bawan Allah ne ya ɓata ta ba. Ku sake shi. Sauran magana ta dattawa ce, a yi ta a cikin ɗaki."

Guna-guni ya tashi. Wani daga baya ya ce in ba shi ba ne to wane ne, a faɗa a nan. Wani ya ce ƙarfe ba ya fashewa don kansa. Ɗaya daga cikin masu bindigar ya sauko daga mota ya jingina da ƙofa yana kallon agogo.

Abdulmuminu ya ga ba hanya. Ya sa aka tsiyayo abin da ya rage a tankin cikin kwano, aka zagaya da shi. Mai ne gurɓatacce, da gari-gari a ƙasa, kuma duk wanda ya kai hanci sai ya ɗago da mamaki.

"Wani yana ɗibar man na'urar ta ƙasa," in ji shi, "yana cika ta da man riɗi ta sama, don kada awo ya nuna."

"To ai shi ke nan!" Haj Elfadil ya miƙe, ya sami mafita. "Ya sace mai ya sayar, ya zuba mana namu. Wa ya san hanyar famfon in ba shi ba?"

Taron ya ɗauka gaba ɗaya. Samari biyu suka cafki Mohanad suka miƙar da shi, mai bindigar ya fara takowa. Abdulmuminu ya ɗaga hannu, sunan na bakinsa, harshensa ya ƙi juyawa.

"Kai, ku dakata!" Abdulhamidu ne, cikin fushin mai gaskiya. "Kada ku ɗora masa abin da bai yi ba, ku bar abin da ya yi. Maganar mai ni ne. Kwalba-kwalba nake ɗiba saboda ƙafar Atine, kuma ban ci amanar kowa ba, duk abin da na ɗiba na mayar har da ƙari. Matsar farko nake zubawa, mai ɗumi daga bakin inji, wanda ko jariri ana shafa wa. Ya fi nasa mai warin kananzir sau goma. Haj, in laifi ne ka yafe, ma'alesh. Amma ku bar zancen mai, ku tambaye shi abin da ya yi wa na'urar har ta ƙona mini ɗa."

Samarin suka saki Mohanad a hankali. Asha ta kai mayafi bakinta.

Abdulhamidu ya dubi wannan, ya dubi wancan, kowa ya kawar da kai. "Mene ne? Me na faɗa?" Ya juya ga Mohanad. "Kai, ɗana, mai ai mai ne. Ko ba haka ba?"

Mohanad ya san amsar. Ɗanyen man riɗi da ruwansa yake fitowa, da garinsa, kuma ruwan nan ne ya yi ta nema tun farkon kaka. Kalma ɗaya ta isa ta wanke shi tas a gaban duk wanda ya doke shi jiya. Ya kalli tsohon, ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a ƙurar gabansa.

Sai Abdulhamidu ya kamo hannun rigar abokinsa. "Mumini. Kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba."

Abdulmuminu ya so a ce ƙasa ta yi masa shiru yau, ko sau ɗaya a rayuwarsa.

"Man ne, Hamidu," in ji shi.

Mai bindigar ya tofar da yawu, ya koma mota, suka ja suka tafi. Babban dattijon ya tashi da kansa ya kwance igiyar hannun Mohanad. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ya tuna yana jiransa a gida.

Abdulhamidu bai yi kuka ba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa na dama. Can ya jawo takalmansa, ya saka, ya dafa kafaɗar abokinsa ya miƙe.

"Ina za ka?"

"Asibiti. Da zan fito Omer ya farka. Ba ya gani, amma ya gane muryata. Ya ce, Baba, in gassas ya faɗi sunan, kai za ka zo ka gaya mini, kada in ji a bakin wani." Ya gyara hularsa. "Na ce masa to."

"Bari in raka ka."

"Zauna, Mumini. Ka gama naka."

Ya fita ta ƙofar matsar shi kaɗai, ya bi titin asibiti.